Duniya a Ƙarƙashin Matakala

Akwai mutanen da aka halitta domin su ɗauki nauyin duniya, kuma tun ina ƙarami nake zargin ina cikinsu. Abin da ban tsaya na bincika ba shi ne ko na'urar da nake aiki da ita ita ma tana cikinsu.

Ni ne mai kula da intanet a wani bene mai hawa uku, cike da shaguna da ƙananan ofisoshi. A katin da na buga wa kaina an rubuta Babban Injiniyan Sadarwa. Babu ƙaramin injiniya, amma ban ga dalilin da zai sa kati ya shiga wannan maganar ba. Mutanen benen suna kirana Injiniya idan intanet na gudu, Mai Waya idan ya tsaya. Ofishina yana ƙarƙashin matakala, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye, abin da na ɗauka a matsayin horo kan tawali'u. A ciki akwai kujera ɗaya, da fanka mai juya kai kamar tana musanta duk abin da na faɗa, sai rauta.

Rauta baƙin akwatin ƙarfe ce mai faɗin tire, da ƙananan fitilu jere a goshinta. Aikinta nuna hanya. Duk saƙon da ya fito daga waya ko kwamfutar wani a benen, wurinta yake zuwa ya tambayi ta ina zai bi. Layuka biyu ne suke shigo mana, ɗaya daga wani babban kamfani, ɗaya daga ƙarami. Shekara da shekaru rautar tana rayuwa da karatu ɗan kaɗan: abin da ba na gidan nan ba ne, miƙa wa babban kamfani, idan layinsa ya mutu, miƙa wa ƙarami. Iyakar iliminta ke nan. Da wannan jahilcin ta yi wa jama'a hidima ba ta taɓa ko tari ba.

Benen na surukina ne. Wannan ba shi da wata alaƙa da yadda na samu aikin, duk da cewa babu wanda ya nema sai ni, kuma ni ma ban nema ba.

Zaman lafiya ya ƙare ranar da wani mutum ya shigo harabar benen da farin faranti a saman mota. Ya bi shago shago yana cewa nasa intanet ɗin daga sama yake sauka kai tsaye, ba ya bin ƙasa balle ƙura ta taɓa shi. Kafin la'asar an raɗa masa suna Mai Faranti, an kuma ba shi kujera a shagon mai aski, kujerar da ni ake ba wa.

Surukina ya aika a kira ni. Na same shi a bakin ƙofa yana juya makullan benen a yatsa.

"Injiniya, 'yan haya sun ce a zauna ranar Asabar da yamma. Kai ka faɗi naka, mai farantin nan ya faɗi nasa. Wanda suka ɗaga wa hannu shi ke da aikin. Ni ba ruwana."

"Baba, ai ba sai an tara mutane ba. Ku bar ni da su kawai."

"Na bar ka da su tun bara. Shi ya sa za a zauna."

Wato abin da ke gabana a fili yake. In na faɗi ranar Asabar, aikin ya tafi, ƙarƙashin matakala ya tafi, katin kuma ya koma abin goge farce.

A hanyar gida dabara ta sauko min. Manyan kamfanonin duniya ba sa tafiya da rauta mai karatun layi biyu. Tasu tana riƙe da abin da muke kira cikakkiyar taswira, wato hanyar zuwa kowane lungu na intanet a doron ƙasa, a haddace a ƙwaƙwalwarta. Irin wannan rautar ba ta tambayar kowa hanya. Ko hakan zai ƙara wa mai kemis gudun intanet? Tsakani da Allah, ko kaɗan. Amma magana ce mai cika baki, kuma ni a lokacin baki nake son cikawa.

Washegari na kai sanarwar shagon mai aski, don a benenmu abin da aka faɗa a can ya fi wanda aka faɗa a rediyo saurin isa.

"Daga ranar Asabar," na ce, "duniya gaba ɗayanta za ta kasance a ƙarƙashin matakalar nan."

Mai aski ya ɗaga injinsa daga ƙeyar wani bawan Allah. "Gaba ɗaya? Har da inda ake buga ƙwallo?"

"Har da inda ake ɗinka ta."

Mai kemis, wanda ya shigo aron caja, ya sauke tabarau kan hanci. "Ita duniyar, a kan mitar wa za ta riƙa shan wuta? Don ni ba zan biya wa Turawa lantarki ba."

Hajiya mai sayar da tikitin jirgi, da ke hawa na biyu, labarin ya riske ta kafin in gama faɗa. Ta leƙo ta saman baranda. "Injiniya! In ka zo jerawa, ka sa min filayen jirgi a sama-sama, inda hannu zai kai."

Na yi mata alkawari. Sannan, a nan tsakiyar shagon don kowa ya ji, na buga wa injiniyan babban kamfani waya. Ajinmu ɗaya da shi a makaranta, muna kiransa Gilashi. Shi yana zama a layin gaba, ni kuma ina zama inda ake ganin ajin gaba ɗaya.

"Mutumina, so nake ka turo min cikakkiyar taswira."

"Kai? Don me?"

"Don ci gaba."

"Wace rauta ce gare ka yanzu?"

Na faɗa masa. Ya ja numfashi irin na likitan da ya ɗaga hoton ƙirji ya ga abin da ba ya so.

"Ƙwaƙwalwarta nawa?"

"Wadatacciya."

"Wadatacciya ba lamba ba ce."

"Na yi lissafi."

Kuma na yi. Malaminmu ya koya mana cewa hanyoyin intanet na duniya dubu ɗari uku ne. Rautata, da lallashi da addu'a, za ta ɗauki dubu ɗari huɗu. Har da rara. Abin da lissafin bai kula da shi ba shi ne duniya ta ci gaba da haihuwa bayan na karɓi takardar shaida.

"Ka dai san yanzu sun kai..." in ji Gilashi.

"Na sani," na katse shi, don ba na son a gaya min abu a gaban mai aski.

"To, akwatinka ne. Ranar Asabar da safe zan buɗe maka famfo."

Da na ajiye wayar na ga yadda ake kallona, sai na ji taswira ɗaya ta yi min kaɗan. Na kira ƙaramin kamfani na ce su ma su turo tasu. Su ba su tambayi komai ba, abin da ya ƙara musu daraja a idona. Kowace taswira wurinta daban take ci a ƙwaƙwalwar rauta, wannan ma an koya mana, amma ina jin ranar ina kallon ajin ne gaba ɗaya.

Ranar Juma'a maiɗakina ta same ni ina murmushi ni kaɗai a gaban madubi.

"Baba ya ce in gaya maka, duk abin da kake shirin yi, ka bari sai bayan taro."

"Ya san abin da nake shirin yi ne?"

"Bai sani ba. Ya ce kai ɗin dai ya sani."

Safiyar Asabar na sa farar riga. Kafin in buɗe ofis mutane sun taru a bakin matakala. Na jona kwamfutata da rautar, na gyara zama. Abu na farko, na goge tsohon layin nan mai cewa a miƙa wa babban kamfani. Rautar da ta haddace duniya ba ta bukatar uban gida. Na biyu, na rubuta umarnin karɓar taswira daga kamfanonin biyu. Na uku, na adana.

Ina da wata ɗabi'a da nake alfahari da ita. Duk umarnin da na rubuta, nan take nake adana shi, yadda ko wuta ta ɗauke, rautar za ta farka da shi a kanta. Na sha yi wa mutane wa'azi a kan wannan. Injiniyan kirki, nakan ce, ba ya barin na'ura ta manta.

Lamba ta fara hawa a fuskar kwamfuta. Mai aski ya zuro kai ta saman kafaɗata yana karanta wa na baya kamar mai sharhin wasa.

"Dubu hamsin! Ta wuce dubu ɗari! Jama'a, tana tafe, ba mai tare ta!"

Fankar cikin rautar ta canza murya. Da lamba ta kai dubu ɗari uku na miƙe domin in karɓi gaisuwa, matakala ta riga kowa gaishe ni a tsakar ka. Na koma na zauna.

"Injiniya, ai ba ta tsaya ba," in ji mai aski.

"Ragowar na baƙi ne."

"Baƙin da yawa fa. Dubu ɗari uku da saba'in."

"Ana samun haka."

A wajen dubu ɗari huɗu fitilun goshinta suka daina ƙyaftawa, suka tsaya cak kamar idon wanda ya tuna bai kashe risho ba. Sannan suka mutu gaba ɗaya. Daga hawa na uku wata murya ta sauko a hankali, tana bin matakala ɗaya bayan ɗaya.

"Mai Wayaaa!"

"Hutawa take yi," na ce. "Ko ku kuka haɗiye duniya sai kun ɗan kishingiɗa."

Kamar ta ji ni, ta farka da kanta. Fitilu suka dawo, aka yi tafi. Ta tuna umarnin da na adana mata, ta gai da babban kamfani, ta gai da ƙarami, su kuma cikin ladabi suka sake juye mata duniya daga farko. Lamba ta hau. Fanka ta yi kuka. Ta sake sumewa.

Haka ta kama yi, ta farka, ta ci, ta suma. Ba ta manta komai ba, kamar yadda na horar da ita.

Mai kemis ya durƙusa ya kara bayan hannunsa a jikinta. "Akwai zazzaɓi. Kuma wannan faɗuwa da tashin, a mutum muna da sunansa. Ku ja baya a ba ta iska."

Hajiya ta sauko da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. "Ina tsakiyar kama wa mutum kujera shafin ya ɗauke. Ya dawo, na cika suna, ya ɗauke. Ya dawo, na cika sunan uba, ya ɗauke. Mutumin nan yana zaune a ofishina yana kallona kamar ni na ɓoye jirgin."

"Hajiya, ku ƙara haƙuri. Matsalar ƙwaƙwalwa ce."

"Wannan tun ranar da ka yi sanarwa muka gane. Ita na'urar fa, me ke damunta?"

Mai aski, wanda zuciyarsa ke da kyau ko da bakinsa ba shi da birki, ya ɓalle bayan wayarsa ya zaro ɗan katin memori ya miƙo min a tafin hannu. "Ga wannan. Babba ne, waƙoƙi ne kawai a ciki, goge su ba komai."

Na yi masa bayani cikin natsuwa cewa wannan sito ne, ita kuma kai take bukata. Akwai inda ake ajiye kaya, akwai inda ake tunani. Ya ce bai taɓa sanin na bambance su ba. Ban tsaya bin maganar ba, don bayanin da na yi ya haska min wata dabarar. Kwamfutata tana da irin ƙwaƙwalwar da ake tunani da ita. Na kashe ta, na kwance bayanta, na zaro 'yar siririyar ƙwaƙwalwar. Na kwance murfin rautar, jama'a suka matso kamar ana fiɗa. Na duba gabas, na duba yamma. Babu gurbin da za a soka komai. Ƙwaƙwalwarta manne take da dalma tun daga masana'anta, kamar waɗanda suka ƙera ta sun san wata rana za ta faɗo hannuna.

"Dubawa kawai na yi," na ce, na mayar da murfin. Sukurori biyu suka rage a hannuna, na sa su a aljihu.

Na mayar wa kwamfutata abinta. Na kunna. Ta yi ƙara uku, ta ƙi buɗe ido. Yanzu marasa lafiya sun zama biyu.

Dole na ari ta mai kemis, wadda maɓallanta suka sha maganin tari har wasu in ka danna sai sun yi shawara kafin su taso. Ina cikin jona ta na ga inuwa a bakin ƙofa. Mai Faranti ne, ya harɗe hannuwa, yana murmushi irin na mai jiran gado.

"Sannu da aiki, yallaɓai. Ko a zare mata wayoyin kamfanonin ne, ta samu ta numfasa?"

Gaskiya ya faɗa. Mai hankali zai zare layukan biyu, ya gyara a natse, ya mayar. Ni ma na san haka, har hannuna ya fara tafiya. Amma tunda daga bakinsa maganar ta fito, hanyar ta rufe.

"Mu a nan ba ma yi wa mara lafiya aiki sai yana farke," na ce.

Tsakanin farkawarta da sumanta akwai ɗan lokaci, kamar na shan kofin ruwa. A cikinsa nake da damar rubutu. Shirina shi ne in sa mata rariya a ƙofar shiga, ta karɓi kashi ɗaya cikin uku na taswirar, ta zubar da saura. Wane kashi? Babu lokacin zaɓe. Adireshin da ya fara da ƙaramar lamba ya shigo, mai babbar lamba ya koma inda ya fito. Babu kuma lokacin saƙa sabuwar rariya. Akwai wata tsohuwa a ciki, wadda Gilashi ya taɓa saka min tun farkon fara aiki, ya ce kada in taɓa. Na buɗe ta na yage mata ido yadda kashi ɗayan zai wuce, na kuma maƙala ta a ƙofar shiga.

Sau biyu tana sumewa ina tsakiyar layi. Mai aski yana ƙirga lambar, mai kemis yana fifita da kwalin magani, Hajiya tana tsaye da takalminta a hannu ba ta faɗi abin da za ta yi da shi ba. A karo na uku na kai ƙarshe, na danna. Na adana, ba shakka.

Lamba ta hau, ta hau, ta yi dubu ɗari uku da 'yan kai, ta tsaya. Fitilu suka ci gaba da ƙyaftawa. Ba ta suma ba.

Na fito daga ƙarƙashin matakala a sunkuye, na miƙe a hankali don kowa ya samu damar gani. "Kowa ya koma bakin aikinsa. An sauke kashin farko."

Ba a jima ba suka fara dawowa. Da yake da safe na goge layin miƙa wa babban kamfani, duk inda ba ya cikin kason da ta karɓa, a wurin rautar babu shi a duniya.

"Mai Waya, ina ka kai bankina?" in ji mai kemis.

"Yana cikin kason da bai iso ba."

"Kamfanin da nake sarin magani fa?"

"Suna tare."

"To me ya iso?"

Muka duba. Ya samu hasashen yanayi na wani tsibiri da ba mu taɓa jin sunansa ba. Gobe za a yi musu ruwa.

Mai aski ya samu ƙwallo, amma ta wata ƙasa ce da ake sharhi cikin yaren da ya yi kama da gardama a cikin rijiya. Ya ce ba laifi, ya riga ya zaɓi masu jar riga. Hajiya kuwa ko saukowa ba ta yi ba, daga baranda ta yi magana.

"Jirgin tafiya ya fito. Na dawowa babu. In sayar wa mutum haka?"

"Hajiya, wasu ai ba sa son dawowa."

"Kai ma in ka fita yau ina ba ka shawarar haka."

Abin da ban lura da shi ba a cikin wannan hayaniyar shi ne fitilun rautar sun daina ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya, sun koma haske tsaye, fankarta kuma ta kama wata doguwar waƙa ba numfashi. Na ɗauka ƙwazo ne.

Bayan la'asar aka jera kujerun roba a haraba. Surukina ya zauna a gaba da makullansa. Mai Faranti ya fara. Ya nuna farantin da ke saman motarsa, ya danna wayarsa, bidiyo ya fito, ya ce na gode, ya zauna. Mutum marar fasaha.

Ni na ɗauki lokaci. Na fara daga tarihin wayar tarho. Na bi ta igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. Na bayyana cewa abin da suka gani da safe ba matsala ba ce, naƙuda ce. Sannan na juya ga babban talabijin ɗin mai aski, wanda na sa aka fito da shi aka jona da kwamfutar mai kemis, na ce su zaɓi duk inda suke so a duniya, muddin lambarsa ƙarama ce.

Na buɗe shafin tsibirin nan, don shi na tabbatar yana nan. Wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar talabijin yana juyawa. Muka kalle shi. Ya ci gaba da juyawa. Daga ƙarƙashin matakala wani wari ya fara isowa, irin na dutsen guga da aka manta a kan riga.

Wayata ta yi ƙara. Gilashi ne. Na ɗaga ta sama don kowa ya ga sunan.

"Babban kamfani ne da kansu," na ce. "Ina jin labari ya kai musu." Na buɗe lasifika.

"Kai!" Muryarsa ta cika harabar. "Kai ne ka sanar wa ƙaramin kamfani cewa hanyar zuwa sulusin duniya ta ƙarƙashin matakalarku take?"

"Mutumina, muna cikin taro ne, jama'a na jin ka."

"Su ji! Rariyar da na saka maka, na ce kada ka taɓa, ka san ta mece ce? Ta ƙofar fita ce! Ita ke hana akwatinka zuwa ya faɗa wa wancan kamfanin abin da ya ji a wurinmu. Ka yage ta. Yanzu duk abin da muka gaya masa ya kwashe ya kai musu, ya ce shi ne hanya, su kuma da ba sa tambaya suka yarda. Rabin garin nan ta cikin akwatinka yake bi! Ofisoshi, otal-otal, masu sayar da mai, kowa ya tsaya yana kallon zobe!"

Na rufe wayar da tafin hannu na dubi jama'a. "Kun ji da kunnenku. Ba benen nan kaɗai ba, gari ma da mu ya dogara."

"Ina jin ka!" in ji wayar ta tsakanin yatsuna. "Tsaya ma tukuna. Hanyoyi nawa ka lissafa?"

"Dubu ɗari uku."

"Sun kusa miliyan! Kuma ka nemo biyu! Dubu ɗari uku ai tun shekarar da muka gama makaranta ne, lokacin kana da gashi!"

"Wannan gaskiya ne," in ji mai aski. "Ni shaida ne, a hannuna ya ƙare."

"Zan yanke layinka yanzu," in ji Gilashi. "Na ƙaramin kamfani ma suna can suna neman almakashinsu. Ka gai da Baba."

"Yana amsawa," in ji surukina daga kujerarsa.

Zoben da ke talabijin ya tsaya. Wani ɗan rubutu ya fito a madadinsa, mai cewa babu intanet. Shi ne abu na farko da ya buɗe da sauri tun safe. Daga ƙarƙashin matakala waƙar fankar ta sauka a hankali har ta yi shiru, sai ƙarar motoci daga titi.

Na gyara murya. "Kamar yadda kuka gani, tsarin yana da kariya. Idan kaya ya yi yawa..."

"Masu son faranti," in ji surukina.

Hannuwa suka tashi kamar an shuka su. Hajiya ta ɗaga biyu, da takalmin. Mutumin da take nema wa kujerar jirgi, wanda ba ɗan haya ba ne, shi ma ya ɗaga, ba wanda ya hana shi.

"Masu son Injiniya."

Na ɗaga nawa, don a ƙa'ida ba a hana ɗan takara. Can gefe na ga hannun mai aski a sama. Ashe a duniya akwai amana.

"Baba, tambaya ce," in ji shi. "An gama da talabijin ɗina? Masu jar riga za su dawo daga hutun rabin lokaci."

Mutane suka fara naɗe kujeru. Surukina ya taso ya tsaya kusa da ni, muka kalli benen tare kamar masu shirin saye.

"Makullin ƙarƙashin matakala, idan ka samu sarari," ya ce. "Ba gaggawa. Yanzu ma ya yi."

Na ciro shi daga aljihu na miƙa masa, tare da sukurori biyu da suka biyo shi. Ya dube su, bai tambaya ba, ya haɗa duka ya sa a aljihu.

Mai Faranti ya kafa farantinsa a kan rufin benen. Da yake aikin yana bukatar ƙwararre, ni na riƙe masa tsani, na kuma ba shi shawarwari da dama daga ƙasa, waɗanda iska ta hana shi ji. Ya ce duk lokacin da zai hau zai neme ni, don bai taɓa samun mai riƙe tsani da ya san tarihin wayar tarho ba.

Rautar tana shagon mai aski yanzu. Idan aka kawo ƙaramin yaro aski, sai ya ɗora ta a kan kujera ya zaunar da shi a kai don kansa ya kai madubi. Ya ce ba ta taɓa ba shi matsala ba. Yaro ɗaya yake ɗora mata a lokaci guda.